Samfurin Marrit da Farin Shafin Douwe

Auke Zijlstra ya shekara ashirin da biyu yana ajiye wa mutanen garin Bolsward shafukansu na intanet, kuma a duk tsawon lokacin bai taɓa yarda cewa akwai abin gyara a aikinsa ba. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman shagon gyaran keke, tagarsa na kallon ruwan da ya ratsa tsakiyar gari. Na'urar da ke ɗauke da shafukan, wadda 'yan sana'ar ke kira saba, guda ɗaya ce tak, tana can wani gini mai sanyi a Groningen. Amma shafi ɗari da sittin da uku ne ke zaune a cikinta kamar 'yan haya a gida ɗaya: na mai burodi, na likitan haƙori, na coci biyu da ba sa ga maciji da juna, na ƙungiyar masu tseren tattabaru, da dai sauransu.

Kowane ɗan haya yana da fayil ɗinsa, ɗan rubutu na layi talatin ko arba'in da ke gaya wa saba cewa idan baƙo ya zo neman suna kaza, a kai shi ɗaki kaza, a rubuta zuwansa a rajista kaza. Auke yakan ce da hannunsa ya rubuta su duka. Gaskiyar magana, na farkon ne ya rubuta. Sauran kuwa, duk sanda aka yi sabon mai shafi, sai ya kwafi fayil ɗin wanda ya gabace shi, ya canza suna, ya goge bayanin da ke can sama ya sa sabo. Wannan bayanin na sama shi ne abin alfaharinsa, don a nan yake rubuta halin mutum. A na mai burodi ya sa: "Ba ya karanta saƙo, a kira shi kafin ƙarfe goma." A na wani fasto kuma: "Zai ce ba shi ya taɓa ba. Shi ya taɓa."

Abokiyar aikinsa ɗaya ce, Marrit de Boer, mace mai shekara arba'in da huɗu wadda ta baro wani babban kamfani a Utrecht ta dawo gida don ta zauna kusa da mahaifiyarta. Ta san aiki, Auke bai taɓa musun wannan ba. Aibinta ɗaya a wurinsa shi ne shayi take sha maimakon kofi, kuma ba ta jin kunyar hakan.

Wata Juma'a cikin Oktoba sanarwa ta iso cewa tsohuwar hanyar kulle shafuka ta daina aiki daga ƙarshen wata. Duk shafin da ba a canza masa layi biyu ba, baƙi za su riƙa ganin gargaɗi ja a ƙofarsa. Auke ya karanta, ya murza hannuwa kamar wanda aka kawo wa abinci.

"Aikin kwana uku ne," ya ce. "Ni tamanin da biyu, ke tamanin da ɗaya. Kin ga na yi miki ragi."

Marrit ta ajiye kofin shayinta. "Oga, ka bar ni in yi mana samfuri mana."

"Kin fara ko?"

"Ai ban taɓa dainawa ba. Ka saurara. Fayil ɗaya za mu rubuta, mai kyau, mu bar gurbin suna da gurbin ɗaki a buɗe. Kowane shafi sai ya zama layi ɗaya kawai: yi amfani da samfuri, ga suna, ga ɗaki. Saba da kanta za ta cike guraben. Gobe in aka ce a canza wani abu, wuri ɗaya za mu taɓa, kowa ya samu."

"Haka in kin yi kuskure ma kowa ya samu."

"Sai in gyara a wuri ɗaya. Kai in ka yi kuskure fa?"

Auke ya wuce wannan tambayar kamar bai ji ba. Ya juyo da kujerarsa, ya cire tabarau, abin da yakan yi ke nan in zai yi wa'azi. "Marrit, waɗannan ba tubalin gini ba ne da za ki zuba a ma'auni ɗaya. Mutane ne. Kowa da buƙatarsa. Na san kowane fayil kamar yadda na san 'ya'yana."

"'Ya'yanka biyu ne, kuma jiya ka kira ƙaramin da sunan kare."

"Sunayen ne suka yi kama."

Daga nan suka ƙulla sharaɗi. Marrit za ta sa na'ura ta jera fayilolin gefe da gefe, ta cire sunaye, ta ga abin da ya rage. Idan aka samu ashirin da suka bambanta da gaske, ita za ta yi aikin duka da hannu, kuma ta sha kofi mako guda ba tare da yamutsa fuska ba. Idan ba su kai ba, Auke zai kawo kek mai lemu daga shagon burodi, ya tsaya a tsakiyar ofis ya faɗa da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya. Auke ya miƙa hannu da sauri, yana tausaya mata a ransa.

Ranar Lahadi, kamar kowace Lahadi, shi da matarsa Sietske suka hau kekunansu zuwa shan kofi a gidan yayanta Douwe. Douwe ya haura saba'in, ya yi ritaya daga aikin buɗe wa jiragen ruwa gada, matarsa ta rasu da daɗewa, yana zaune shi da tattabarunsa a ƙarshen gari. Mutum ne mai ra'ayi a kan komai, kuma ba ya rowar sa. Kofi na farko na hirar gwamnati ne, na biyu na maƙwabta, na uku kuwa kullum na intanet.

"Mijin ƙanwata," ya ce yana zuba na ukun, "kai da ake cewa masani. Jiya na so in duba lokacin taron coci. Fari fat! Ko ɗigo babu. Na likitan haƙori, fari. Na mai burodi, fari. Amma labaran Amurka da ba ruwana da su, tar suke fitowa."

"Na'urarka ce, Yaya," in ji Auke, yana tauna biskit.

"Ta uku ke nan fa! Kai ka ce in sayi wannan."

Auke ya zaro wayarsa, ya buɗe shafin cocin, ya juya masa fuskarta. "Ga shi nan. Ƙarfe goma. Lafiyarsa ƙalau."

Douwe ya harari wayar. Tasa mai maɓallai ce, ba ta san intanet ba, kuma ya rantse ba zai canza ba. "To gidan nan ne. Na gaya wa kamfanin layin, sun turo mutum har sau huɗu, kowa ya zo ya sha mini kofi ya tafi."

"Wataƙila tattabarun ne ke tare iskar," Auke ya ce, Sietske ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Da safiyar Litinin ya tarar Marrit ta riga shi zuwa, ta ma dafa masa kofi. Wannan kaɗai ya nuna masa akwai magana.

"Zauna, Oga," ta ce. "Cikin 'ya'yanka ɗari da sittin da uku, biyar ne suka fita daban."

"Biyar? Na'urarki ba ta da lafiya."

"Uku daga ciki kuskuren rubutu ne. Na shagon furanni, shekara tara ke nan rajistarsa na zuba a wani ɗaki da ka rubuta sunansa da harafi ɗaya a juye. Biyu ne na gaske, likitan haƙori da masu hayar kwalekwale, kuma na bar musu gurbin ƙari a samfurin."

Auke ya kurɓi kofi a hankali don ya samu lokacin tunani. Kofin ya yi daɗi, abin ya ƙara ɓata masa rai.

"Sai abu ɗaya da ban gane ba," ta ci gaba. Ta nuna masa wasu layuka a allon kwamfuta. "Wannan yana cikin fayil casa'in da bakwai, babu shi a sauran. Yana cewa duk wanda ya zo daga wannan lambar layin intanet, kada a ce masa an hana shi, a dai miƙa masa farin shafi. Lamba ɗaya ce a duka. Ta wane ce?"

"Tsaro ne," Auke ya faɗa kai tsaye. "Masu kutse. Ke ba ki san irin yaƙin da muka sha a da ba."

"Ɗan kutse ɗaya, da ya zauna a lamba ɗaya shekara goma sha ɗaya? Mai haƙuri ne. Na bi sawun layin har inda ya fara. Ga shi, fayil ɗin masu tseren tattabaru. Karanta bayaninka na sama."

Auke ya sa tabarau ya matso. Ga rubutunsa nan, babu yadda zai yi ya ce na wani ne: "Ƙungiyar tattabaru. An toshe D. na mako ɗaya, har ya huce. A tuna a cire."

Sai abin ya dawo masa gaba ɗaya. A shekarar ne alƙalan tsere suka ba tattabarar Douwe na huɗu, shi kuwa ya hau shafin ƙungiyar, wurin da baƙi ke barin saƙo, ya rubuta saƙo goma sha tara a yini ɗaya, yana bayyana ra'ayinsa game da agogon alƙalai, da idanunsu, da iyayensu. Shugaban ƙungiya ya kira Auke kamar zai yi kuka. Auke ya sa layin, ya yi dabarar farin shafi don kada surukin nasa ya gane a yi rigima a gida. Bayan kwana uku mai burodi ya zo neman shafi, Auke ya kwafi fayil na ƙarshe, ya goge bayanin sama, ya canza suna. Daga mai burodi zuwa likitan haƙori, daga likitan haƙori zuwa coci, haka layin ya yi ta bin gari gida-gida.

Ya cire tabarau, amma wannan karon babu wa'azi.

"Wane ne D.?" Marrit ta tambaya.

"Wani ne."

"Oga, kunnuwanka sun yi ja."

"Douwe ne," ya ce da ƙaramar murya. "Yayan Sietske."

Marrit ta san Douwe, duk garin an san shi, kuma ta sha jin labarin na'urorinsa uku daga bakin Auke kansa, da dariya yake ba ta. Ta rufe baki da hannu, ta tashi ta shiga ɗaya ɗakin ta ja ƙofa. Ƙofar ba ta da kauri. Auke ya zauna yana kallon ruwan sama na sauka a kan kwalekwalen da ke ɗaure a ƙasa, yana jin ta tana shessheƙar dariya kamar mai tari.

Da ta fito tana share ido, ta ce, "In sa shi a samfurin? Sai ya samu duka ɗari da sittin da ukun, a yi adalci."

"Marrit, don Allah."

"Na bari. Amma ka lura, da samfuri ne, da ranar da ka tuna sau ɗaya za ka goge."

"Ai ban tuna ba."

"Wannan kuma ba ni da samfurinsa."

Ranar Talata suka yi aikin. Suka gwada a wata saba ta gwaji tukuna, Auke na tsaye a kanta yana neman aibi kamar mai sayen tsohuwar mota. Ya samu guda, waƙafi da ta manta, ya yi murna har ya ba shi kunya. Ta gyara a wuri ɗaya. Sannan ta tura masa allon rubutu ta ce shi zai canza layuka biyun da sanarwa ta nema. Ya canza, ya umarci saba ta sake karanta takardunta. Kafin ya ɗauki kofinsa an gama. Ya buɗe shafin mai burodi, lafiya. Ya buɗe na coci biyun, lafiya. Ya yi ta buɗewa har wajen arba'in, yana fatan ko ɗaya zai ƙi, babu wanda ya ƙi.

Abin da ya rage na aikin shekara ashirin da biyu shi ne samfuri mai layi talatin da takwas, da jerin sunaye da bai cika shafi huɗu ba. Auke ya matso kusa da allon. Ya gangara cikin jerin a hankali, sai ya ga a saman kowane layi akwai ɗan rubutu. "Ba ya karanta saƙo, a kira shi kafin ƙarfe goma." Ta kwaso bayanansa duka, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye kowanne a kan mai shi.

"Wannan ba na'ura ce ta yi ba," ya ce.

"Da hannu na yi. Shi ne kaɗai abin da ya bambanta da gaske."

Auke ya miƙe. Ya sa rigar ruwa ya sauka, ya dawo da kwalin kek mai lemu, ya tsaya a tsakiyar ofis ya yi wani gunaguni da ya yi kama da "kin fi ni gaskiya". Marrit ta ce motar da ta wuce ta hana ta ji. Ya maimaita.

Washegari da hantsi wayar ofis ta yi ƙara. Douwe ne, muryarsa har Marrit na ji daga teburinta.

"Mijin ƙanwata! Na gyara! Ni da kaina! Na ɗauke akwatin intanet ɗin daga bayan talabijin na ɗora shi a kan firij. Komai na fitowa. Ashe likitan haƙori har hotonsa ya sa, ya yi ƙiba. Shekara goma sha ɗaya masana na zuwa suna sha mini kofi, ashe firij ne maganin. Ka rubuta wannan a littafinku."

"Madalla, Yaya," in ji Auke. "Zan rubuta."

Ya so ya bar maganar a kan firij. Har ya tsara yadda zai riƙa yaba wa dabarar duk Lahadi. Amma da yamma suna cin dankali da kabeji, Sietske ta dube shi ta ce tun ranar Litinin yake cin abinci kamar mai laifi, ya faɗi abin da ya fasa. Shekara talatin da huɗu da aure, bai taɓa iya ɓoye mata ko kyautar ranar haihuwa ba. Ya faɗa mata. Ta ajiye cokali, ta yi dariya har ta riƙe gefen tebur, sannan ta share hawaye ta ce, "Ranar Lahadi za ka gaya masa."

"Sietske, mutumin nan yana cikin farin ciki."

"Ya kira kamfanin layi ya zage su sau nawa? Har wasiƙa ya rubuta wa jarida. Za ka gaya masa, ina zaune."

Ranar Lahadi Auke ya tuƙa kekensa a hankali har Sietske ta tsaya jiransa sau biyu. Douwe ya tare su a ƙofa, ya kai su kicin kafin su cire riguna, don su ga akwatin a kan firij, ya shimfiɗa masa ɗan ƙyalle a ƙasa. Aka sha kofin gwamnati. Aka sha na maƙwabta. Da aka zo na uku, Sietske ta taka ƙafar mijinta, ba a hankali ba.

Auke ya faɗi komai, tun daga tattabarar da ta zo na huɗu har zuwa samfurin Marrit. Yana magana yana kallon sukarin da ke cikin kwano. Da ya gama, Douwe ya ajiye kofinsa.

"Mako ɗaya," in ji Douwe.

"Haka na yi niyya, Yaya."

"Kuma kana zaune a kujerar nan kana ce mini tattabaru ne ke tare iska."

"Wallahi ban sani ba a lokacin. Na manta ne ƙwarai."

"Ta biyu ta zo, ba ta huɗu ba. Agogonsu ne ya lalace." Douwe ya ɗauki biskit ya karya shi biyu, ya duba, ya ajiye. "Wato ba firij ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Zan bar shi a can duk da haka. Ya fi kyau a wurin."

Sietske ta tashi ta fita duba tattabaru, don ta ga kamar yayanta na son faɗar abin da ba zai faɗa a gabanta ba. Auke ya gyara zama yana jiran saukar ruwan zagi, ya san ya ci bashinsa tun da daɗewa. Douwe ya leƙa ta taga ya tabbatar ta yi nisa, sannan ya matso da kujerarsa.

"Wa da wa suka san ya gyaru?"

"Ni, da Marrit, da Sietske. Sai duk wanda ka gaya wa."

"Kai kaɗai na kira." Ya sosa gemu. "Ka san Hinke, wadda ke sayarwa a shagon burodi? Mai ɗaure gashi ta baya."

Auke ya ce ya san ta, ai ita ta sa masa kek a kwali ranar Talata.

"To. Tunda shafinsu ba ya buɗe mini, duk Alhamis nakan je in tambaye ta irin burodin da za a yi a ƙarshen mako. Ita kuma takan rubuta mini a takarda, don ta ce abin tausayi ne mutum ya zauna da intanet mara lafiya. Shekara shida ke nan. Bara ta fara ajiye mini kujera a bayan kantar shagon. Watan jiya mun je kallon jiragen ruwa tare." Ya ɗaga yatsa ya nuna hancin Auke. "In na ji labarin gyaran nan a bakin wani a garin nan, kai ne. Ka gaya wa mai shayin nan taku ma."

"Bakinmu a rufe, Yaya."

"Yawwa." Douwe ya jawo butar kofi ya girgiza ta ya ji ko da saura. "Miƙo kofinka. Kuma biskit ɗin nan guda biyu na ga ka ci, na uku na Sietske ne."